Kun Tambaya, Mun Amsa: Sabon Ɗalibi a Dang

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: yara sun ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, an samu gurbi a Jami'ar Ngaundere, to daga nan sai ina? Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye kamar yadda muka saba. Kuɗin da za ku ji mun ambata sefa ne, jaka guda kuwa 1,000 ce.

Tambaya: Ban taɓa hawa Adamawa ba. In na sauka a Ngaundere ina zan nufa? Jami'ar a cikin gari take? (Wani saurayi daga Garwa)

Amsa: Ƙanenmu, barka da arziki. Jami'ar ba ta cikin gari. Tana Dang, kimanin kilomita 15 arewa da Ngaundere, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Garwa. Ke nan motar da za ta kawo ka sai ta bi ta gaban jami'ar kafin ta shiga gari. Da yawa ba su san haka ba, sai su zarce har tasha, sannan su sake biyan taksi su dawo baya da katifa da buhu. Tun a Garwa, lokacin da ake lodi, ka gaya wa yaran mota a Dang za ka sauka. Ka tsaya ka ga an rubuta a jikin kayanka, an kuma sa su a baki-baki. In aka danne su ƙarƙashin kayan mutanen gari, direba ba zai kwance lodi a gefen titi saboda kai kaɗai ba.

Tafiyar ta kusa kilomita 280, kuma hawan dutsen da ke bayan Mbe yana cin lokaci, balle in manyan motoci sun yi jerin gwano. Don haka ka ɗauki motar safe. Wanda ya sauka da la'asar yana da sauran hasken da zai nemi masauki. Wanda ya sauka ƙarfe goma na dare, ga kaya, ba ɗaki, ba idon sani, duk abin da ɗan moto ya yanka masa shi zai biya.

Sunaye biyar za ka riƙe. Gerit ita ce ƙofar shiga jami'ar, kuma da ita kowa yake kwatance. Bini unguwar ɗalibai ce, inda ɗakunan haya da masu fotokofi da gidajen abinci suka cunkushe. Dang nan kasuwa take. Malang da Manwi suna kan layin, haya ta fi sauƙi amma ƙafa za ta biya. Tsakanin Dang da gari taksi ne na haɗaka, ba ya tashi sai ya cika. Tafiyar minti 20 zuwa 30 ce, jiran cikar ne ba shi da ma'auni.

Sai titin kansa. Tun 1974 Ngaundere ce ƙarshen layin dogo, a nan ake sauke kayan da za su arewa da Cadi a ɗora wa manyan motoci, kuma ta gaban jami'ar suke bi dare da rana. Mota mai lodi ba ta tsayawa nan take ko direba ya taka birki. Kada ka tsallaka da abin jin kiɗa a kunne, kada ka ɓullo daga bayan taksin da ya tsaya.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ban yi boko ba. Ɗana ya ce rajista kala biyu ce, kuɗin ma kashi-kashi. Ku fayyace mini takardun da kuɗin, kada yaro ko wani ya yi mini wayo. (Wani uba daga Marwa)

Amsa: Alhaji, Allah ya ja kwana. Yaron bai yi ƙarya ba. Ta farko ta neman gurbi ce: a cike fom ta intanet, a buga shi, a haɗa da takardu a kai tsangayar da ake nema. Ta biyu ita ce biyan kuɗin makaranta bayan sunan yaro ya fito an ba shi lambarsa, wadda suke kira matirikil. Wannan na tsangayoyi ne, irin su kimiyya, shari'a, tattalin arziki da adabi. Manyan makarantu kamar ENSAI ta sarrafa amfanin gona, da IUT ta fasaha, da ta likitancin dabbobi sai an ci jarrabawar shiga.

Kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnatin Kamaru jaka 50 ne a shekara tun gyaran 1993, kuma ana iya biya sau biyu, 25 da 25. Kuɗin fom da na gwajin likita daban suke, wasu kwasa-kwasan sana'a kuma suna da nasu farashin. Duk waɗannan suna rubuce a sanarwar da jami'a ke fitarwa kowace shekara. Ka sa yaron ya ɗauko hotonta, wani ya karanta maka. Kuɗin da ba ya cikin sanarwa, ba kuma rasit, ba na jami'a ba ne.

Takardun da aka saba nema su ne kwafin takardar haihuwa, da na sakamakon bak, da na furobatuwar, jarrabawar da ake yi shekara guda kafin bak, da hotuna 4 × 4. Kwafin sai an manna masa tambur an kai hukuma ta sa hannu da hatimi, kuma galibi ba a karɓar wanda ya wuce wata uku. A yi su a Marwa kafin a taso, a yi fiye da ɗaya. A lokacin rajista layin sa hannu a Dang yakan cinye wuni.

Inda muke so ka tsaya da kanka, Alhaji, shi ne suna. A shimfiɗa takardar haihuwa da ta bak da katin ɗan ƙasa a kan tabarma, a bi su harafi-harafi. Sau da yawa wannan ta ce Mohamadou, waccan ta ce Mouhamadou, ko sunan uba ya riga na yaro a ɗaya ya biyo baya a ɗaya, ko ranar haihuwa ta sha bamban. Yau ba wanda zai tanka. Sai shekara uku ta cika, an zo fitar da digiri, sannan a ce wannan ba shi ba ne. In bambancin na rubutu ne, akwai takardar hukuma da ke shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. In kuskuren a takardar haihuwa yake, sai kotu. A fom na jami'a kuwa a kwafe sunan daidai yadda yake a takardar haihuwa, ko da ba haka ake kiran yaron a gida ba.

Takardar biyan kuɗi sunanta kitus. Yaro ne zai fitar da ita da lambarsa, ya biya a wurin da sanarwa ta ambata, a buga mata hatimi, ya kai ofishin rajista su tabbatar. Wanda ya biya ya kife takardar a akwati bai kai an tabbatar ba, a idon ofis bai biya ba. Ya yi kwafi biyar, ya ɗauki hotonta ya turo maka, kada ya bar ta asali a hannun kowa. A sa ta a leda mai baki, amma kada a narke mata roba, domin akan buƙaci ƙara hatimi a jikinta. Ka kuma rubuta wa'adin kashi na biyu a littafin shagonka. Shi ne yake kama iyaye, don yana zuwa bayan an manta, kuma rashin biyansa yana iya hana yaro jarrabawa ko ganin sakamako.

A bakin gerit ba a rasa masu cewa kawo in yi maka. Zuwa da kai ya fi aike. In ana son jagora, ɗaliban Marwa da suka riga shi suna yi kyauta.

Tambaya: 'Yata za ta tafi ita kaɗai, ba mu da kowa a can. Wani ya turo mana hoton ɗaki ta waya, ya ce mu tura kuɗin shekara kafin a kama. Mu tura? Kuma wane irin ɗaki ya dace? (Wata uwa daga Kusiri)

Amsa: Hajiya, kada a tura ko dala. Hoto ɗaya ana iya tura wa gida goma, kuma wani lokacin mai turawar ɗalibi ne da hayarsa ta ƙare, ɗakin ba nasa ba. A samu babba ya raka ta, su kwana biyu a masauki ko wurin wata ɗaliba 'yar Kusiri, su zaga da ƙafa.

Jami'ar ta fara ne a matsayin ƙaramar cibiya a 1982, ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ɗalibai suka yi ta ninkuwa, ɗakunan kwanan cikin makaranta ba su bi sahu ba. A nemi na cikin, ofishin kula da walwalar ɗalibai ne ke rabawa, amma kada a dogara da shi. Mafi yawa a minisite suke zama, wato gidajen haya masu jerin ɗakuna da 'yan kasuwa suka gina, kuma masu su sun fi son kuɗin shekarar karatu a dunƙule. Tunda kuɗi in ya fita ba ya dawowa, dubawar kafin biya ita ce komai.

Ta fara da ɗaga kai. Tabon ruwa mai zagaye a silin yana nufin kwano na yoyo, ko da mai gida ya rantse an gyara. Ta duba gindin bango: in fenti ya kumbura ko ya yi fari-fari daga ƙasa zuwa gwiwa, damshi ke tasowa, kuma da damina katifa da littattafai za su yi funfuna. Sabon fenti a gindin bango kaɗai abin tuhuma ne. Ta rufe ƙofa ta girgiza. Ta duba maƙalin kwaɗo: in kan kusoshinsa yana waje, mai sukundireba zai cire shi bai taɓa kwaɗon ba. Taga ta kasance da ƙarfe, gidan kuma da katanga da ƙofa ɗaya da ake kullewa da dare. Ranar da ta tare ta sa sabon kwaɗo nata.

Sai ruwa, kuma a nan ne ake yaudarar baƙo. A watan Oktoba kowace rijiya cike take, don damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Tambayar ita ce, a Fabrairu da Maris fa? Kada a tambayi mai gida, a tambayi ɗalibar da ta shekara a gidan. A auna tazarar rijiya da masai da taku. Abin da masana lafiya ke so shi ne mita 30, kuma rijiyar ta kasance ta sama, ba inda gangare ke kai mata ƙazanta ba. A ƙirga ɗakuna nawa ke tarayya a banɗaki ɗaya. In goma ne, kuma kowa na da lacca da safe, a san cewa layi zai fara tun asuba.

Wuta ma a yi maganarta a fili: mita ɗaya ce ta gida duka ko kowa da tasa, kuɗin yana cikin haya ko wata-wata ake rabawa, an yarda da dutsen guga da abin dafa ruwa ko an hana. Yawancin rigimar minisite daga nan take tashi. Hanin ma yana da dalili, domin abin dafa ruwa mai cin wat 1,000 zuwa 1,500 yana zafafa siririyar wayar da aka ja wa ɗakuna da yawa har ta narke.

Rasit ya ƙunshi sunanta, lambar ɗaki, ranar shiga da ranar fita, kuɗin da alƙaluma da kuma kalmomi, abin da ya shiga ciki, kuɗin ajiya in akwai da sharaɗin maido shi, da sa hannun mai gida ko wakilin da mazauna suka shaida. A tambaya ko za ta iya barin kaya lokacin dogon hutu, da nawa.

Game da kasancewarta mace, a ra'ayinmu ɗaki matsakaici a gida mai cike da 'yan mata kusa da hanya ya fi ɗaki mai tayil a ƙarshen unguwa inda ciyawa ta rufe turba. Ta auna tafiyar daga ɗakin zuwa amfinta, wato babban ɗakin lacca, ta tuna wata rana da magariba za ta taka ta. In wani malami ko ma'aikaci ya ce ta same shi a gida ko a wani ɗaki don maganar maki, ba haka tsarin yake ba. Ta adana saƙonnin, ta je ofis da rana tare da ƙawa, in abin ya ci gaba ta kai wa shugaban sashe ko doyen, wato shugaban tsangaya, a rubuce. Ke kuma, Hajiya, ki riƙe lambar wayar maƙwabciyarta ɗaya.

Tambaya: Na yi mako biyu, amma kullum sai in je aji in tarar ba kowa, ko in tarar an kusa tashi. Har na fara jin kunyar tambaya. (Ɗalibin shekarar farko)

Amsa: Malam, a lise ƙararrawa ce ke kiranka, aji ɗaya ne, malamai ke zuwa su same ka. A nan ba mai nemanka. Labari yana jikin babiyar, allon sanarwa na sashenku, kuma jadawali yana canzawa: a ɗage lacca, a sauya ɗaki, a ƙara wata ranar Asabar. Ka bi ta gabansa safe da yamma, ka ɗauki hoto, ka duba kwanan watan takardar, don tsofaffi sukan daɗe a manne ana liƙa sabbi a kansu. Ka tabbata na shekararku da fanninku kake karantawa.

Na biyu, delege, wato wakilin aji. Shi malami yake kira in ba zai zo ba, shi ke riƙe da takardun da za a yi fotokofi, shi ke buɗe zauren WhatsApp na aji. Yau ɗin nan ka nemi lambarsa. Amma in zaure da allo suka saɓa, allo ne hujja.

Ranar Lahadi, da wuri ya yi shiru, ka fita da agogo. Ka taka daga ɗakinka zuwa gerit, zuwa amfinku, zuwa ɗakunan TD, zuwa ofishin rajista da aka rubuta wa Scolarité, zuwa ɗakin karatu, wurin cin abinci da asibitin ɗalibai. Ka rubuta mintocin. Kilomita ɗaya minti 12 zuwa 15 ce a ƙafa, kuma filin yana da faɗi, gine-ginen a warwatse suke. Ka koyi hanya biyu, domin turbar yanke da ta yi daɗi da rani jan taɓo ce da damina. Lambar da ke jikin amfi, kamar Amfi 750, adadin kujeru ce, ajin shekarar farko kuma yana iya fin haka. Wanda yake son jin malami ya iso da rabin sa'a kafin lokaci. A baya ba a ganin allo, in wuta ta ɗauke lasifika ta mutu ba a jin komai.

Darasi kala uku ne. CM ita ce babbar lacca. TD ƙananan rukunoni ne na warware tambayoyi, TP kuma aikin ɗakin gwaji. Ana raba rukuni da haruffan suna ko lamba, kuma wanda ya bi abokinsa zuwa rukunin da ba nasa ba zai yi zango guda yana halarta, a takarda kuwa bai taɓa zuwa ba. In matsala ta taso ka bi tsani: delege, sakataren sashe, shugaban sashe, sannan ofishin doyen. Mai tsallakewa zuwa ofishin shugaban jami'a dawo da shi ake yi. Kunyar tambaya kuwa ka ajiye ta, matambayi ba ya ɓata.

Tambaya: Ni ɗan Cadi ne, bak ɗina na Njamena. Me ya bambanta ni da ɗan Kamaru wajen rajista da zama? (Wani ɗalibi daga Njamena)

Amsa: Ɗan'uwa, ba za ka yi kaɗaici ba, 'yan Cadi suna da yawa ƙwarai a Dang, da ƙungiyoyinsu. Ka neme su tun kafin ka taso. A tsangayoyi, ɗan ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka da Cadi ke ciki, jaka 50 yake biya kamar ɗan gida. Na wajen yankin ne ake ninka wa. Kuɗin ƙasashen biyu ɗaya ne, ba canji.

Abin da ke jinkirta 'yan Cadi shi ne tantance bak. Ka sa ONECS, hukumar jarrabawa ta Cadi, ta tabbatar da naka tun kana Njamena, ka taho da na asali da kwafi masu hatimi, domin dawowa neman hatimi ɗaya tafiyar kwanaki ce. Cadi ba ta da furobatuwar, don haka ka duba abin da sanarwa ta nema daga baƙi a madadinsa. Ka riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa mai rai da katin allurar shawara. Yarjejeniyar zirga-zirga ta yankin ta ba ka shiga ba biza na wata uku; zaman shekara kuwa yana son takardun zama, kuma Cadi tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Garwa inda ake yin katin 'yan ƙasa mazauna waje. A shingen jandarma, katin ɗalibi tare da kwafin kitus suna rage dogon bayani.

Hanya biyu aka fi bi: ta gadar Ngeli zuwa Kusiri, Mora, Marwa da Garwa, ko ta kudu, Mundu zuwa Tuboro. Ka tambayi waɗanda suka bi a makon game da halin hanya, kuma ta arewa kada a yi ta da dare. Layin Airtel ko Moov zai ci maka kuɗi a nan. Ka sayi MTN ko Orange da sunanka, ba da katin wani ba, don ranar da waya ta ɓata da kuɗi a ciki mai sunan kaɗai ake saurara. A kasuwa ka kula da lissafi: riyal ɗinku da dalar Bahaushe duk sefa 5 ne, boro a bakin Bafulatani 1,000 ce. Ka ce a faɗa maka da Faransanci har kunnenka ya saba.

Tambaya: Yayana ya ce ya ci jarrabawa amma an ce yana da bashi. Yaya ake lissafin makin nan? (Wata ɗaliba daga Gider)

Amsa: Ƙanwarmu, tsarin sunansa LMD. Lisans, wato digirin farko, shekara uku ce, zango shida, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Kowane darasi yana da nasa kiredin, wato ma'aunin nauyinsa, kuma sai kin samu rabi, 10 cikin 20, yake zama naki. Wanda ya tara adadin da tsangayarsa ta gindaya yana iya hawa aji na gaba da sauran darussan a wuyansa. Shi ne bashin. Ba a ba da digiri sai an biya shi, kuma wahalarsa ita ce laccar darasin bara takan ci karo da ta bana.

Makin darasi kashi biyu ne: CC, gwajin tsakiyar zango, da babbar jarrabawa. Rabon da aka fi yi shi ne 30 da 70 cikin ɗari, darussa masu TP kuma da nasu rabon. Ga misali. Kin samu 14 a CC, 9 a jarrabawa: 4.2 a tara da 6.3, ya ba da 10.5, kin haye duk da kin faɗi babbar. Wadda ta ƙi zuwa CC kuwa, in an sa mata sifili, sai ta ci sama da 14 a jarrabawa kafin ta kai 10. CC yakan zo makonni kaɗan bayan fara karatu, lokacin da wasu ba su gama neman ɗaki ba, wasu ma suna gida suna jiran a ce karatu ya kankama.

Akwai ratirafaj, zama na biyu ga wanda ya faɗi, amma darussa da yawa ake cusawa cikin 'yan kwanaki. A ɗakin jarrabawa ki rubuta lambarki a natse, ki sake dubawa, ki kuma sa hannu a takardar halarta. Ita ce shaidarki in maki ya ɓace, kuma yana ɓacewa, yawanci saboda alƙalami ɗaya da ya karkace a lamba. In an manna sakamako kin ga gurbinki fayau ko makin bai yi daidai ba, ki rubuta reket, takardar koke, da sunan darasi da lambarsa da sunan malami, ki haɗa kwafin kitus da takardar CC da aka maido miki. Wa'adinta 'yan kwanaki ne. Don haka kada ki hau mota zuwa Gider ranar da aka gama jarrabawa ki bar wa ƙawa duba allo.

Tambaya: Faransancina na karatu ne, in malami ya yi sauri sai in rasa kan zance. (Wani ɗalibi da ya yi makarantar Larabci da Faransanci)

Amsa: Ka zauna gaba, ka bar rubuta kowace kalma. Ka raba shafi biyu, ka rubuta kanun magana a hagu, da yamma ka cike dama daga littafin rubutun wani da takardun malami, a ranar, kafin abin ya huce. Ka shiga rukunin karatu na mutum huɗu ko biyar wanda ba Hausawa zalla ba. Zama da 'yan gida yana da daɗi, amma in daga ɗaki zuwa masallaci zuwa wurin shayi duk Hausa ce, bakinka ba zai buɗe ba, ranar gabatar da aiki a gaban aji kuma ba mai yi maka. Ka nemi tambayoyin shekarun baya wurin masu fotokofi. Darasin Turancin Ingilishi da ake sa wa masu Faransanci yana da kiredinsa, yana kuma zama bashi kamar kowane. Gaisuwa da ciniki da Fulatanci za su sauƙaƙa maka kasuwa da 'yan moto.

Tambaya: Me zan haɗa masa na kaya da abinci? An ce garin da sanyi. (Wata uwa daga Yagwa)

Amsa: Inna, an gaya miki gaskiya. Ngaundere tana kan tudu, sama da mita 1,000, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yana shiga ƙashin ɗan ƙasar zafi. Bargo mai kauri, rigar sanyi, safa da man shafawa. Damina kuma doguwa ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ruwan shekara ya kai milimita 1,500, don haka sai lema da takalmin roba. Ki ja masa kunne a kan abu ɗaya: kada ya kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. In hadari ya taso da tsawa ya zare kwamfuta da caja daga bango.

Gidan sauro dole ne. Jarka biyu masu lita 20, ɗaya ta sha kaɗai. Ruwan rijiya a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa yadda aka rubuta a kwalinta a jira minti 30. In zazzaɓi ya kama shi ya je asibitin ɗalibai a gwada jini, ya karɓi takardar likita, don da ita ake neman uzurin gwajin da ya wuce.

Abinci kuwa, ki ba shi abin da ya fi tsada ko wuyar samu yadda ya saba: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, busasshen kifi, man gyaɗa. Mutum ɗaya mai dafa wa kansa, kilo 10 na shinkafa ko masara zai kai shi wata. Gari kada ya wuce na wata guda, damshi yana sa shi tsami; tsaba ta fi ajiyuwa, a niƙa kaɗan-kaɗan, a ɗora buhu a kan katako. Wake a zuba a jarka mai murfi saboda ƙwari. Nama, nono, doya, dankali da fiya ba sai an ɗauko ba, ranar kasuwar Dang zai samu. Kuɗin ci kuma a riƙa tura shi wata-wata.

Tambaya: Duk wannan ya shafi mai zuwa Marwa ko Njamena? (Wani malamin makaranta daga Mokolo)

Amsa: Malam, maganar takardu da maki da ɗaki duk ta shafe su. Bambancin shi ne waɗancan ba a fili ɗaya suke ba. Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana da wurare a Kongola da Wuro-Cede, da makaranta a Kaele. Ta Njamena tana da Tukra da Ardeb-Jumal, kimiyya a Farsha, likitanci a Gardole. Ita ma Ngaundere makarantarta ta ma'adinai a Maiganga take, sannan tsangayar likitanci da ke Garwa ta koma ƙarƙashin Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Ka gaya wa ɗalibanka su tabbatar da unguwar da ajinsu yake kafin su biya hayar ɗaki, su kuma sa kuɗin moto na kullum cikin lissafin hayar.